Wasiƙa Zuwa ga Akantocin Masu Sayar da Kaya Ƙetare

Malamai akantoci da masu ba da shawara kan haraji, na Kano da Kaduna da Zariya da sauran garuruwa.

Abin da ya jawo wannan wasiƙa amsa ce guda da ake saurin bai wa 'yan kasuwa tun da suka fara ciniki ta intanet. Ɗan kasuwa zai shigo ofis ya ce ya buɗe shafi, ya fara aika jakunkunan fata da takalma zuwa Landan da Balin. Akanta ya duba dokar gida, ya ga ba a ɗora wa kayan da aka fitar waje harajin VAT, sai ya ce, "Alhaji, ci gaba da harkarka, babu komai." A Najeriya amsar daidai take. Amma can inda kayan za su sauka, shagonsa na Ƙofar Wambai da ke Kano kamfanin waje ne, kuma dokar da ke jiran baƙo daban take da wadda ake yi wa ɗan gida.

Harajin VAT mai saye yake bi. Tun da Faransa ta fara shi a 1954, bisa tsarin Maurice Lauré, nauyinsa a kan wanda ya ci moriyar kaya daga ƙarshe yake sauka, mai sayarwa kuwa karɓa kawai yake yi wa hukuma. Da ciniki ya koma intanet, ƙasashe suka ga kuɗinsu na sulalewa, sai suka ce wa baƙo ya zo ya yi rajista ya riƙa karɓa musu. Afirka ta Kudu ta fara da masu sayar da hajar intanet a 2014, Tarayyar Turai ta ɗaure nata tsarin a 2015.

Akantan Najeriya ma ya ga haka a gida. A 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a shari'ar Vodacom da hukumar FIRS cewa hidimar tauraron ɗan'adam da wani kamfanin Holan ya yi wa Vodacom a Najeriya tana ɗauke da VAT, duk da mai hidimar ba ya ƙasar. Daga 1 ga Janairun 2022 kuma duk wanda ya sa talla a Facebook daga Najeriya ya fara ganin kashi 7.5 cikin ɗari a rasit ɗinsa. Abin da Najeriya ta nema daga kamfanonin Amurka, shi Turai ke nema daga mai jaka na Kano.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne ƙa'idar adadin ciniki. Akanta ya saba da cewa ƙaramin ɗan kasuwa yana da sauƙi: Dokar Kuɗi ta 2019 ta ɗauke wa wanda cinikinsa bai kai naira miliyan 25 a shekara ba ɗawainiyar VAT. Sai ya ji a Birtaniya ma ba a tilasta rajista sai ciniki ya wuce fam 90,000, hankalinsa ya kwanta. Wannan rangwame na mazauna Birtaniya ne. Wanda ba shi da mazaunin kasuwanci a can ba shi da ko fam ɗaya na sassauci. Tun 1 ga Janairun 2021, in kayan da aka aika wa mai saye kai tsaye ba su wuce fam 135 ba, mai sayarwa ne zai yi rajista da hukumar HMRC, ya karɓi kashi 20 a lokacin ciniki, ko da jaka ɗaya ya sayar. Haka zancen yuro 10,000 da ake yawan ambata a Tarayyar Turai: na 'yan kasuwar da ke zaune cikin Tarayyar ne. Bakano ba ya ciki.

Tsarin Tarayyar ya cancanci a zauna a kansa, domin a nan aiki yake. Kafin 1 ga Yulin 2021, ƙunshin da bai kai yuro 22 ba yana shiga ba haraji. Ranar aka soke wannan, aka buɗe ƙofar da ake kira IOSS don kayan da darajarsu ba ta wuce yuro 150 ba. Mai sayarwa zai yi rajista sau ɗaya a ƙasa ɗaya, ya samu lamba, ya riƙa karɓar harajin kowace ƙasa a lokacin ciniki, ya kai rahoto wata-wata. A ce jakar yuro 100 ce. In mai saye yana Jamus, harajin yuro 19 ne. In yana Faransa, 20. In yana Hangari, 27. Jaka ɗaya, ɗinki ɗaya, farashi uku, kuma dole shafin cinikin ya san wannan lissafi kafin kuɗi su shigo. Ɗan kasuwar Najeriya ba zai yi wannan rajista da kansa ba, sai ta hannun wakili mazaunin Tarayyar, wanda shi ma hukuma za ta kama in an yi ƙwange. Shi ya sa wakilan ba sa aiki da araha, kuma sai sun bincike mutum kafin su karɓe shi.

Rajistar IOSS ba dole ba ce, amma akanta ya faɗa wa Alhaji abin da rashinta ke jawowa. Ƙunshi zai isa, ma'aikacin gidan waya ya tsaya a ƙofa ya ce wa matar da ta riga ta biya kuɗin jakarta sai ta ƙara haraji da ladan fiton kwastam kafin ya miƙa mata. Wata ta biya tana ƙunƙuni ba ta sake saye ba, wata ta ce a mayar. Jakar ta dawo Kano bayan makonni, kuɗin jirgi ya tafi, kuma an bar wa shagon mummunar shaida a shafinsa, inda kowa ke karantawa.

Lambar IOSS kuma sirri ce. Ba a buga ta a jikin kwali, kamfanin jigila kaɗai ake bai wa, domin in ta faɗa hannun wani zai shigar da nasa kayan da ita.

Akwai sauƙi ga wanda ke sayarwa ta Etsy ko eBay ko Amazon: a irin waɗannan ƙananan kaya doka ta ɗora wa kasuwar ce karɓar harajin. Sai dai sauƙin yana da iyaka, kuma iyakar sito ce. Ranar da ɗan kasuwa ya tura katan-katan aka ajiye masa a wani sito a Jamus ko Folan don kaya su riƙa isa da wuri, daga ranar yana buƙatar lambar VAT ta wannan ƙasa, kuma wasu ƙasashen, irin su Faransa, sai ya naɗa wakilin haraji. Saboda haka tambayar farko da ta kamaci akanta ita ce: yanzu haka kayan suna ina? Ta biyu: mai sayen kamfani ne ko mutum ne kawai? Mai fitar da riɗi ko zoɓo kwantena-kwantena zuwa wani kamfani a Hambog yawanci ba ruwansa da rajista, domin mai shigo da kayan ne ke biya a tashar ruwa. Amma in ya sa hannu a yarjejeniyar da ke ɗauke da haruffan DDP, ya yarda ke nan shi zai fito da kayan ya biya komai, ya mai da kansa mai shigowa. Yarjejeniya irin wannan ta biyo ta teburin akanta kafin a sa mata hannu.

Matasan da ke sayar da manhaja ko darussan da ake saukewa su ma suna ciki, kuma su ne suka fi tunanin ba wanda ya gan su. Daga cinikin farko da wani mutum a Tarayyar haraji ya hau. Nasu tsarin, wanda ake kira OSS, ya fi sauƙi: rajista ba wakili, rahoto duk wata uku. Abin da ake nema shi ne hujjoji biyu da ba su saɓa wa juna ba kan inda mai saye yake, kamar adireshinsa da ƙasar bankinsa. Bayanan kuma, a OSS da IOSS duka, shekara 10 ake ajiye su, don haka littafin ciniki da ke cikin wayar yaron shago ba zai wadatar ba.

Marubucin wannan wasiƙa yana ganin babban alherin da akanta zai yi wa ɗan kasuwa shi ne ya zauna da shi su yi lissafi tun kafin a aika ƙunshin farko. Wani lokaci lissafin zai nuna ladan wakili ya fi ribar jakunkuna ashirin a wata, sai a ce masa ya tsaya a Etsy tukuna har ciniki ya kankama. Wani lokaci zai nuna rajista ta fi. In aka yi sakaci kuwa, hukumar can za ta nemi harajin duk cinikin baya da tara a kai, kuma daga aljihun Alhaji zai fito, tunda ba a karɓa daga masu saye ba a lokacin da ya dace.