Dila Da Manoma Uku: Dariya Ba Ta Wanke Sata

Ga magana a kan wani wasan majigi da yara ke kallo.

A shekarar 1970 wani marubucin ƙasar Birtaniya, Roald Dahl, ya wallafa littafin yara mai suna Fantastic Mr Fox, labarin wani dila irin na ƙasarsu mai satar kaji da agwagi da talotalo a gonakin manoma uku, Boggis da Bunce da Bean. A shekarar 2009 wani Ba'amurke, Wes Anderson, ya mai da shi wasan majigi na ban dariya. 'Yan tsana masu gashi aka ƙera, a motsa su kaɗan a ɗauki hoto, a sake motsawa a sake ɗauka, sai hoto 12 kafin a sami motsin sakan guda. Duk wanda ya taɓa cika allo da alƙalami ya san irin wannan haƙuri, kuma abin yabo ne.

To, amma ina darasin? A cikin littafin, dila yana sata don ciyar da iyali, labari ya ƙare yana biki a ƙarƙashin ƙasa, manoma na zaune bakin rami ruwa na dukansu. Majigin ya fi littafin faɗin gaskiya. Dila ya yi wa matarsa alkawari zai bar sata, ya kama aikin jarida, sa'an nan son a yabe shi ya sa ya karya alkawarin. Aka harbe masa wutsiya, aka tone gidansa, maƙwabtansa waɗanda ba su ci ba ba su sha ba suka rasa matsuguni. Alkawari kaya ne, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala.

Duk da haka wasan ya ƙare dila da iyalinsa suna rawa a cikin kantin manoman nan, suna cin kayan da ba su saya ba. Bafatake ya san wanda ke biyan irin wannan rawa. Muguntar mai kaya ba ta halatta dukiyarsa.

Saboda haka hana yaro kallo ba shi ne magani ba, gama tun dā ana ba yara tatsuniyar Gizo da dila malamin daji. Sai dai tsohuwar da ke ba da tatsuniya tana nan zaune, tana gyara fahimta. Majigi ba shi da tsohuwa. Wajibi ne uba ya zauna tare da ɗansa, in an gama ya tambaye shi: ina wutsiyar dila, kuma wa ya jawo wa maƙwabta wahala?

Allah ya shiryi zuriya. Wassalam.