Gyaran da Ya Zama Ɓarna

Makon nan za mu leƙa wurin masu kula da Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta wadda kowa ke da damar buɗe cikinta ya gyara. Aikinsu ya yi kama da namu fiye da yadda muke zato.

A 2006 wani mai kula da Debian, ɗaya daga cikin rassan Linux, ya cire layi biyu daga OpenSSL, manhajar da ke ƙera makullan sirri, don ya kashe wani gargaɗi da ke damunsa. Gargaɗin ya tafi, amma garin neman gira aka rasa ido: makullan suka koma kimanin iri 32,000 kacal, abin da ɓarawo zai gwada ɗaya bayan ɗaya cikin ɗan lokaci. Ubuntu ma ta gaji matsalar. Sai a watan Mayun 2008 Luciano Bello ya gano ta.

Abin koyi shi ne yadda Debian ta yi. Ta sanar a fili, ta fitar da gyara, ta ce duk wanda ya ƙera makulli a wannan tsakanin ya sake sabo. Masu kula da zuciyar Linux kuma suna da ƙa'ida: ba a kai gyara cikin tsohon fitowa sai ya fara shiga babban reshe, in kuma ya lalata abin da ke aiki a da, a janye shi.

Mu ma muna da tsofaffin fitowa. A Tukur-Tukur da ke Zariya aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda Abubakar Imam ya yi wa edita. Rubutun wancan zamani yakan raba "ya ke" da "su ke". Duk wanda ya ɗauko irinsa yau yana ɗora masa ƙa'idojin yanzu, gyara yake kaiwa baya. Haɗarin ɗaya ne: ka ce wa kwamfuta ta mayar da kowane "kasa" ya zama "ƙasa", sai "ya kasa tashi" ya lalace a shafi hamsin ba ka sani ba.

Ra'ayinmu shi ne, gyara ma rubutu ne, dole a tace shi. Kafin mu taɓa jimlar wani, mu tambayi mai ita, ko mu karanta sakin layin duka. Mu adana asalin rubutun. Mu ba wani ya karanta bayan gyara. In gyaran ya ɓata ma'ana, mu janye shi, mu faɗa wa masu karatu, har da waɗanda suka riga suka sauke tsohon kwafi. Wanda ya gyara a ɓoye ya bar ɗalibai suna kafa hujja da kuskure.

Allah Ya ƙara basira.