Kafin A Ce Iska Ce, A Tambaya Ko An Yi Zazzaɓi

Duk Bahaushen da ya ji an ce “shan inna” ya san abin da ake nufi, amma ba kowa ne ke tsayawa ya dubi abin da sunan yake ɗauke da shi ba. Kakanninmu sun ga yaro yana guje-gujensa lafiya ƙalau, ya kwana biyu da zazzaɓi, ya tashi ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, daga baya ta tsotse. Da suka rasa abin kamawa sai suka ce Inna ce, wato iskar nan da ’yan bori suka sani, ta shanye ƙafar. Yau kuwa an tabbatar ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, ta hanyar ruwa ko abincin da bahaya ya gurɓata, ta zauna a hanji, wani lokaci ta haura laka ta lalata jijiyoyin da ke motsa gaɓɓai. Ba a yi wa Inna girka ba, ba a yi mata yanka ba, ɗigo biyu aka dinga sa wa yara a baki, har a watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cewa nau’in cutar na asali ya ƙare a Afirka, ko da yake da sauran rina a kaba.

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne, a nawa ganin, darasin shan inna ya tsaya mana a ƙafa bai hau kai ba. Mun yarda ƙwayar cuta tana iya shanye ƙafa, amma da zarar abin ya taɓa hankali, ko ya zo da farfaɗiya, sai mu koma gidan jiya, mu ce iska ce, sammu ne, kambun baka ne. Kuma ba mutanen karkara kaɗai nake nufi ba. Har mu da muka yi boko, masu digiri da ofis, idan abin ya shigo gidanmu, sau da yawa asibiti ne wuri na uku ko na huɗu da muke zuwa, bayan an gama hayaƙi da shafe-shafe, kuɗi sun ƙare, ciwo ya yi jijiya.

Mu ɗauki garinmu Wudil a matsayin misali. Kogin da ya ratsa ta ƙarƙashin gadarmu shi ne arzikinmu: su, noman rani, fadama, ga kasuwar shanu ta ranar Juma’a da ta yi suna har wajen Arewa. To amma ruwan da ke raya shuka shi ke raya sauro. Zazzaɓin cizon sauro ya zame mana ɗan gida har mun raina shi, alhali Nijeriya ita kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duk duniya. Akwai nau’insa da ke hawa kai, kuma yadda yake aiki abin tsoro ne. Ƙwayar cutar takan shiga jajayen ƙwayoyin jini ta sa su yi danƙo, su manne a siraran hanyoyin jini na cikin ƙwaƙwalwa su toshe su, ƙwaƙwalwa ta kumbura, yaro ya fara jijjiga da taune-taune, ya sume. Idan an kai shi asibiti da wuri aka yi masa allurar atisunet, akasari yakan farfaɗo, a yi hamdala a koma gida, a ɗauka magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Masu bincike a Yuganda sun bi sawun yaran da suka tsira daga irin wannan zazzaɓi, suka tarar bayan shekara 2 kusan ɗaya cikin huɗu yana da rauni wajen natsuwa ko riƙe abu a ka. A Malawi kuma, wani bincike da aka wallafa a 2010 ya nuna kusan ɗaya cikin goma na irin waɗannan yara sun kamu da farfaɗiya daga baya, wasu kuma ɗabi’arsu ta sauya, suka zama masu faɗa da rashin zama wuri ɗaya. Yanzu don Allah mai karatu ya dubi ajin firamare ko makarantar allo da ya sani. Yaron nan da ake wa laƙabi da daƙiƙi, wanda dorina ta gaji da bayansa, ko yarinyar nan da ke faɗuwa tana kumfa har aka cire ta daga makaranta aka daina cin abinci a kwano ɗaya da ita, wa ya taɓa tambayar uwarsu ko sun taɓa suma da zazzaɓi suna shekara uku? Farfaɗiya dai ba a ɗaukarta ta yawu ko ta kwano, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya rabuwa da faɗuwa idan suka samu maganin da ya dace, maganin da wani nau’insa bai kai kuɗin katin waya ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Sai sanƙarau, wanda mutanen Kano ba sa bukatar a yi masu dogon bayani a kansa. A annobar 1996 sama da mutum 100,000 suka kamu a ƙasar nan, fiye da 11,000 suka rasu. A shekarar ce kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, inda 11 cikin yara 200 da aka sa a gwajin suka rasu, shari’ar da sai a 2009 aka sasanta ta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana daga cikin abin da ya ba jita-jitar 2003 ƙarfi har aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, kuma wanda duk ke ganin tsoron da mutanenmu ke yi wa allura jahilci ne zalla, to ya manta tarihi. Amma abin da nake so a lura da shi shi ne waɗanda suka rayu. Lissafin masana ya nuna ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira daga sanƙarau kan tashi da wata nakasa mai ɗorewa, kurumta ko farfaɗiya ko raunin tunani. Yaran 1996 yau sun haura shekara 30. Suna nan cikinmu, a tasha, a bakin kasuwa, a ƙuryar ɗakin gidajen iyayensu, kuma babu wani rajista da aka rubuta sunayensu a ciki.

A 2017 da annobar ta sake ɓarkewa a Zamfara da Sakkwato da Katsina, ta ci sama da mutum 1,000, gwamnan Zamfara na lokacin, Abdul’aziz Yari, ya danganta ta da zunuban jama’a, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya fito ya ce abin da ake bukata shi ne a nemo allurar rigakafi. Bayanin likitoci kuwa a fili yake: allurar da aka fara yi tun 2011 tana kare nau’in A ne, wanda ya zo a 2017 kuma nau’in C ne. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau’i biyar a lokaci guda.

Kada mai karatu ya ɗauka mu kaɗai muka taɓa wannan ruɗani. Shekara ɗari da ’yan kai da suka wuce, gidajen mahaukata na Ingila da Faransa da Jamus cike suke da magidanta masu wata irin hauka: attajiri ko malami ya fara almubazzaranci, ya ce shi sarki ne, magana ta sarƙe, jiki ya shanye, cikin ’yan shekaru ya mutu. An daɗe ana ta muhawara a kan sababinta, sai a 1913 wani likita ɗan Japan da ke aiki a Amurka, Hideyo Noguchi, ya nuna ƙwayar cutar tunjere a cikin ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da ita. Abin dariya abin tausayi, maganin farko da aka samo shi ne a sa wa majinyaci zazzaɓin cizon sauro da gangan don zafin jiki ya kashe ƙwayar, kuma likitan Ostiriya da ya ɓullo da dabarar, Julius Wagner-Jauregg, har lambar Nobel ya samu a 1927. Da allurar fanisilin ta zo, sai wannan hauka ta kusan ɓacewa daga asibitocinsu.

Mu ma muna da namu labarin a ƙasar Zazzau. A shekarun 1930 ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa ya addabi yankin Anchau. Wannan ciwo idan ya kai ƙwaƙwalwa yakan sauya halin mutum, ya rikice, ya riƙa faɗa ko sambatu, ya yi barci da rana ya farka da dare. An sare kurmin bakin rafuffuka inda ƙudan ke zama, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon gari aka raɗa masa suna Takalafiya. Haka nan a Ibadan, Farfesa Benjamin Osuntokun da abokan aikinsa sun wallafa nazarin majinyata 959 masu taifot a 1972, inda suka nuna yadda zazzaɓin kan zo da ruɗewa da fizge-fizge, wani lokaci har a ɗauka taɓin hankali ne. Kai, mu da bakinmu muke cewa mahaukacin kare, mun kuma san wanda ya ciza shi ma kan haukace. Ashe tun tuni harshenmu ya amsa cewa hauka na iya shiga jiki daga waje.

To sai dai kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Ban ce kowane taɓin hankali ƙwayar cuta ce ke kawo shi ba. Akwai gado, akwai damuwa da talauci da firgicin ’yan bindiga, akwai tiramadol da kodin da suka cinye mana matasa, akwai gubar dalma da ta kashe yara kusan 400 a Zamfara a 2010 ta kuma raunata ƙwaƙwalwar wasu da dama. A ɓangaren masu bincike ma akwai abin da ya tabbata, akwai wanda har yanzu hasashe ne. Binciken da aka wallafa a 2022 a kan sojojin Amurka sama da miliyan 10 ya nuna kamuwa da wata ƙwayar bairos mai suna Epstein-Barr na ninka haɗarin wani ciwon jijiyoyi da ke cinye rigar da ta lulluɓe su har sau 32, wannan hujja ce mai ƙarfi. Amma batun ƙwayar da ake samu a kashin kyanwa, wadda wasu ke alaƙanta ta da taɓin hankali, bai wuce alaƙa ba tukuna. Don haka kada wani ya karanta wannan ya je ya kori magen gidansu.

Ban kuma zo jayayya da kowa a kan samuwar aljanu ko amfanin addu’a ba. Addinin da ya koya mana addu’a shi ya umarce mu da neman magani. Magana ce ta wanne za a fara, domin wani ciwon ba ya jira. Idan mutum yana lafiya ƙalau, cikin kwana ɗaya ko uku ya rikice, ga zafin jiki, ko ciwon kai mai tsanani, ko wuya ya sanƙare, ko jijjiga, ko ya kasa gane inda yake, to wannan na gaggawa ne, awoyi ake ƙirgawa. Haka mai jegon da ta fara sambatu da zazzaɓi, haka tsohon da ya ruɗe dare ɗaya. A yi addu’ar a cikin mota, a kan hanyar asibiti. Malaman ruƙiyya masu tsoron Allah za su taimaki al’umma ƙwarai idan suka mayar da taɓa goshin majinyaci abu na farko, in sun ji zafi su ce a wuce asibiti tukuna. Mun ga abin da ’yan sanda suka bankaɗo a gidajen mari na Kaduna da Katsina a 2019, mutane cikin sarƙa shekara da shekaru. Ina tambayar kaina, a cikinsu mutum nawa aka taɓa ɗiban jininsu aka auna kafin a sa masu mari?

Ga hukuma kuma, a watan Janairun 2023 an sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Madalla. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 ba su wuce ’yan ɗaruruwa ba, wasu ma suna ta ficewa. Mutumin ƙauyen Wudil da zai ga ɗaya daga cikinsu sai ya yi tafiyar kilomita 40 zuwa Kano, ya je asibitin Malam Aminu Kano, ko ya ratsa birni gaba ɗaya ya fita ta hanyar Katsina zuwa Dawanau. Ba za mu samu isassun ƙwararru nan kusa ba, amma za mu iya rage yawan masu bukatarsu. Kowane babban asibitin ƙaramar hukuma ya kamata a ce yana da allurar atisunet a ajiye, da ma’aikacin da ya iya ɗiban ruwan laka, da ɗakin gwajin da ke da wuta. Yaron da aka sallama bayan ya suma da zazzaɓi a rubuta sunansa, a ce a dawo da shi bayan wata uku a duba ji da gani da magana.

Jami’ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana nan a garin nan, kogi na gabanta. Me zai hana ta haɗa hannu da likitocin Jami’ar Bayero su bi ƙauyukan bakin kogi gida-gida, su ƙirga masu farfaɗiya, su tambayi tarihin zazzaɓinsu, su auna tsargiyar da ta zame wa yaranmu ruwan dare, wadda ita ma ƙwanta kan ɓace hanya jefi-jefi ya sauka a laka ya shanye ƙafafu? Kunya ce a ce duk lokacin da za mu yi wannan magana sai mun aro alƙaluma daga Malawi.

Da damina ta kankama, masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na yara ’yan wata 3 zuwa shekara 5 za su fara sallama a ƙofar gidaje, wata-wata. Sukan ba da na ranar farko a gabansu, su bar wa uwa na kwana biyu. Maigida ya tambaya da bakinsa ko an ba yaron na rana ta biyu da ta uku, domin sau da yawa a ƙarƙashin katifa ake tsintarsu.