ƘARAMAR ƘWAYA MAI RIƘE DA KASUWAR DUNIYA

Mas'alarmu ta wannan mako a kan wata aba ce ƙarama, wadda sau da yawa ba ta fi farcen yatsa ba, amma manyan dauloli suna ja-in-ja a kanta. Turawa suna ce da ita maikurocif, mu kuwa ƙwaya za mu kira ta, don sauƙi.

Ku sani asalinta yashi ne. Ana narka shi a tace, a fitar da wani ma'adini wai shi silikon, a yanka shi falle-falle, kana a zana masa hanyoyin lantarki sirara ƙwarai, har ido ba ya ganinsu. A kan hanyoyin nan akwai ƙofofi masu buɗewa da rufewa, da su ne na'ura ke lissafi, ta kuma riƙe abin da aka ba ta ajiya. Wani Ba'amurke, Jack Kilby, shi ya fara haɗa ta a 1958, Robert Noyce kuma ya zo da tasa dabarar a 1959. Ta wancan zamani ƙofofinta 'yan kaɗan ne, ta wayar hannu ta yau kuwa tana ɗauke da dubban miliyoyi.

Fa'idodinta ba su ƙidayuwa. Tana cikin waya da rediyo da mota, tana cikin katin banki da fasfon da alhaji ke riƙewa. Ita ce ke cikin 'yar na'urar da mai nauyin ji ke maƙalawa a kunne, tana ɗaga muryar mai magana, tana rage hayaniyar gefe. Ita ke sa waya ta karanta wa makaho wasiƙa. Har wa yau ita ke cikin abin da likita ke dasa wa mai ciwon zuciya a ƙirji, don ya daidaita masa bugunta.

Dabbobi ma ba a bar su ba. Mu nan lalas muka sani, da tsaga kunne, don shaidar sa ko raƙumi. A Birtaniya kuwa, tun 2016 doka ta wajabta wa mai kare ya sa masa ƙwaya, aka ƙara da kyanwa a Ingila a 2024. Girmanta kamar tsabar shinkafa, da allura ake tura ta ƙarƙashin fata. Ba ta da batir, ba ta nuna inda dabba take. Lamba ce kurum a cikinta mai alƙaluma 15, wadda ba ta karantuwa sai an kara na'ura a jikin dabbar. Wanda ya ce muku da irinta ake bin sawun mutum daga nesa, ya faɗi abin da bai sani ba.

To, ga inda gizo ke saƙa. Duniya duka tana bukatar ƙwaya, amma masu ƙera ta ba su da yawa. Mafi yawan masu inganci na ƙarshe a tsibirin Taiwan ake yin su, a masana'antar TSMC, wadda aka kafa a 1987. Injin da ke zana mafi sirancin hanyoyin nan kuwa, kamfani ɗaya ne tak ke ƙera shi, watau ASML na ƙasar Holan. Ga shi kuma Sin tana cewa Taiwan yankinta ne, Amurka tana sayar wa Taiwan makamai.

An riga an ɗanɗana. Lokacin annobar korona, daga 2020 zuwa 2022, ƙwaya ta yi ƙaranci, har manyan masana'antun mota suka tsai da aiki, sabuwar mota ta yi wuya, tsohuwa ta yi tsada. Da Amurka ta ga haka, sai ta yi doka a 2022, ta ware dala miliyan dubu 52 don a riƙa ƙera ƙwaya a gida, ta kuma hana a sayar wa Sin mafi inganci. Sin ta rama a 2023, ta taƙaita fitar da galiyam da jamaniyam, ma'adinai biyu da ake bukata a sana'ar.

Saboda haka, ya kai falke, in ka ji labarin Taiwan a rediyo, kada ka ce ina ruwan biri da gada. Ran da jiragen ruwa suka daina fita daga can, kuɗin waya da na kayan gyaran mota za su tashi a Kano da Maraɗi, mai jiran na'urar kunne kuma ya daɗe yana jira. Kada ka rataya jarinka duka a kan hajja ɗaya, ko dillali ɗaya. Ka kuma girmama mai gyara, zama ran tsada tsohuwar waya dukiya ce. Ku kuma malamai, ku kwaɗaitar da yara ilmin hisabi, domin shi ne tushen wannan sana'a, kuma wanda bai iya ƙira ba, kullum a hannun maƙeri yake.

Haza wassalam.