A Gindin Dutse Ake Gane Amfanin Hawansa

Akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi a ƙasashen Turai da Amurka, wadda duk mutuminmu da ya ji labarinta da fari sai ya riƙe baki. Mutane sukan haɗa kansu, su zaɓi wani dogon dutse, sa'an nan su bi dangi da abokai da maƙwabta suna cewa za su hau dutse kaza ranar kaza, kowa ya faɗi abin da zai bayar in sun hau. In aka sauko sai a tattara kuɗin a miƙa wa wata ƙungiya mai koya wa naƙasassu wasanni, ta sayi kayan wasan da aka ƙera daidai da jikinsu, ta biya masu koyarwa. Sau da yawa naƙasassun da kansu suna cikin masu hawan, wani lokaci ma su ne a gaba. Mun dubi wannan al'ada da kyau, muna kuma ganin abu ne mai amfani wanda ya kamata ɗalibanmu su sani. Amma muna da sharaɗi guda. Kada a auna aikin da abin da ya faru a kan dutse. A auna shi da abin da ya rage a ƙasa bayan kowa ya koma gida.

Bari mu fara da dutsen da ya fi suna a wannan harka, wato Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya. Shi ne mafi tsawo a Afirka duka, tsawonsa mita 5,895. Hanyoyin da aka saba bi ba sa bukatar igiya, amma tafiya ce ta kwana biyar zuwa tara. A can sama numfashi ba ya ƙosar da mutum, gama abin da jiki yake samu daga iska bai fi kimanin rabin abin da yake samu a bakin teku ba. Ga ciwon kai, ga amai, ga sanyi mai ratsa ƙashi. Shi ya sa 'yan jagora ba su da magana sai "pole pole", wato sannu sannu da harshen Swahili. Ƙarti masu cikakkiyar lafiya da yawa sukan juyo ba su kai ba.

A shekarar 1969 makafi bakwai daga Kenya da Uganda da Tanzaniya suka kai saman wannan dutse. Ƙungiyar da ta shirya tafiyar ita ce wadda yau ake kira Sightsavers, wanda ya kafa ta kuwa, John Wilson, shi ma makaho ne. Ya rasa idanunsa yana ɗan shekara 12, a wani haɗari cikin ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na makarantarsu. Abin da ya dame shi a lokacin shi ne yadda ake ɗaukar makaho ba shi da wata makoma sai bara. Ya san wa'azi kaɗai ba zai sauya wannan tunani ba. Hausawa suka ce gani ya kori ji. Mutumin da ya ga makaho ya hau Kilimanjaro, da wane baki zai ce ɗansa makaho ba zai iya zaman aji ba?

Shekara 40 bayan haka, a watan Satumba na 2009, wani Ba'amurke mai suna Chris Waddell ya hau dutsen a kan keke mai ƙafa huɗu wanda ake tuƙawa da hannu. Ya sami rauni a laka a 1988 wajen wasan zamiya a kan ƙanƙara, ƙafafunsa suka shanye, amma daga baya ya ci lambobin yabo 13 a gasar naƙasassu ta duniya. A watan Agusta na 2010 kuma tsofaffin sojojin Amurka uku, Kirk Bauer da Neil Duncan da Dan Nevins, suka kai sama. Su ukun nan ƙafa ɗaya tak ce ta jiki a tsakaninsu, sauran biyar duk na ƙira ne. Sun yi tafiyar ne a ƙarƙashin wata ƙungiyar wasannin naƙasassu wadda daga 2020 ta zama Move United.

Ba lalle sai dutse ya kai Kilimanjaro ba. A yankin Wales na Birtaniya akwai dutsen Snowdon, mai tsawon mita 1,085. Ƙungiyar Back Up, wadda aka kafa a 1986 domin masu rauni a laka, takan shirya hawansa. Kowane rukuni yana da mutum ɗaya a kan keken guragu, sauran suna ja da igiya suna turawa, har a kai sama a sauko, kuma kowane rukuni da kuɗin da ya tara. A nan babu gwarzo guda ɗaya. In rukuni bai haɗa kai ba, keken ba ya motsi.

To, mai karatu zai iya tambaya, me ya sa wasanni? Naƙasasshe ba abinci da magani da kuɗin makaranta ya fi bukata ba? Tambaya ce mai ma'ana, amsarta kuwa tana cikin tarihi. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu wani likita mai suna Ludwig Guttmann yana kula da sojojin da suka ji rauni a laka a asibitin Stoke Mandeville a Ingila. A zamanin, irin waɗannan majiyyata akasari ba sa daɗewa a duniya, gyambon kwanciya da ciwon mafitsara sukan ƙarasa su. Guttmann ya ƙi yarda a bar su kwance. Ya sa wasa cikin magani, domin wasa yana ƙarfafa hannu da ƙirji, yana kuma mayar wa mutum da sha'awar rayuwa. Ranar 29 ga Yuli 1948, ranar da aka buɗe gasar Olamfik a Landan, ya shirya gasar harbin kibiya ta mutum 16 a kan kekunansu. Daga wannan ƙaramin taro aka kai ga gasar naƙasassu ta duniya ta farko a Roma a 1960, inda 'yan wasa kimanin 400 suka zo daga ƙasashe 23. Ashe wasa ga naƙasasshe ba shagali ba ne. Hanya ce ta komowa cikin jama'a.

Sai dai wannan hanya tana da tsada, nan ne kuwa kuɗin hawan dutse yake shigowa. Yaro mai ƙafa biyu in yana son gudu, tashi kawai zai yi ya gudu, ko takalmi ba dole ba ne. Gurgu kuwa sai da keke, keken tsere ma ba irin na yawo ba ne, kuɗinsa yakan kai dubban daloli. Makaho mai gudu yana bukatar ɗan jagora da zai gudu tare da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3 ne suke da naƙasa mai tsanani, wato kusan mutum ɗaya cikin shida. Ta kuma ce kimanin mutum miliyan 80 suna bukatar keken guragu, amma a ƙasashe da dama ƙalilan ne suke samu. Wanda bai sami keken zuwa kasuwa ba, ina zai sami na tsere? Saboda haka duk wanda ya hau dutse ya sauko da kuɗin keke goma, ya buɗe wa mutum goma ƙofar filin wasa.

Duk da haka ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai abubuwa uku da masu suka suke faɗi, mu kuma muna ganin suna da gaskiya a cikinsu.

Na farko shi ne kuɗin tafiya. Hawan Kilimanjaro yana cin dubban daloli ga mutum ɗaya, ban da kuɗin jirgi. In daga cikin gudummawar jama'a ake cire wannan, to, abin da zai isa hannun naƙasassu kaɗan ne, an yi yawon buɗe ido ne da sunan taimako. A ganinmu mai hawa ya biya wa kansa, ko kuwa a faɗa wa masu bayarwa tun farko nawa za a kashe, nawa zai rage. Bayan an sauko kuma a karanta lissafi a fili.

Na biyu shi ne 'yan dako. A hoton da ake ɗauka a saman dutse ba a cika ganinsu ba, alhali kuwa su ne suka ɗauko tanti da abinci da ruwa a ka. Ƙa'ida ta ce kada kayan ɗan dako su wuce kilo 20, amma sai da aka kafa wata ƙungiya ta musamman a 2003 domin a sa ido a kan ladansu da abincinsu da suturarsu. Taimakon da aka gina a kan zaluntar wani talaka ba taimako ba ne. Chris Waddell ma da kansa bai ɓoye ba cewa a wani ɗan gajeren wuri mai manyan duwatsu sai da aka ɗauke shi. Wannan bai rage masa daraja a idonmu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mai gaskiya shi ne wanda ya ambaci hannuwan da suka taya shi.

Na uku ya fi sauran nauyi. Wata marubuciya 'yar Ostireliya, Stella Young, wadda ta yi rayuwarta a kan keken guragu, ta yi wani jawabi da ya yi suna a 2014, shekarar da ta rasu. Ta yi ƙorafi a kan yadda masu lafiya suke mayar da naƙasassu abin kallo domin su ji daɗin zuciyarsu, su tafa, su wuce. Akwai haɗari a nan. Mai yiwuwa mu ga gurgu a saman Kilimanjaro, sa'an nan mu juyo ga gurgun unguwarmu mu ce masa ragwanci ne ya hana shi. Mun manta cewa wancan yana da keke na musamman da masu horarwa da rukunin mataimaka, wannan kuwa matakala uku na ƙofar ofis sun isa su tsare shi a waje. Ba a haifi naƙasasshe domin ya ba mu mamaki ba. Yana da hakkin ya yi wasa, ya yi na ƙarshe ma in ta kama, kamar kowa.

Dukanmu mun san labarin nan na cikin Markus sura 2, na mutum huɗu da suka ɗauko shanyayye suka hau da shi kan soro. Mukan yaba wa masu ɗaukar, sun kuwa cancanci yabo. Amma labarin bai ƙare a kan soro ba. Ya ƙare ne sa'ad da mutumin ya kama hanyar gida da kansa. Haka ya kamata mu dubi hawan dutsen taimako. Ɗauka ta yini ɗaya ce. Abin tambaya shi ne, washegari zai iya fita ba tare da an ɗauke shi ba?

Kada mu ɗauka wasannin naƙasassu abin Turawa ne kaɗai. Nijeriya ta fara zuwa gasarsu ta duniya a Barsalona a 1992, ta dawo da zinariya uku. A Rio a 2016 naƙasassunmu sun ci zinariya takwas, alhali 'yan wasanmu masu lafiya tagulla ɗaya suka samo a Olamfik na shekarar. A 1988 kuma Misbahu Lawan Didi, mutumin Kano, ya ƙirƙiro ƙwallon guragu, wanda waɗanda shan inna ya taɓa suke bugawa da hannu a kan katako mai tayoyi. Baiwa tana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kayan aiki, da mutanen da za su damu.

Saboda haka, ya ku ɗalibai, bari mu dawo gida mu tambayi kanmu. Ranar wasannin gidaje na shekara, ina abokinku mai ɗingishi yake zama? Sau nawa ake ba shi aikin tsaron riguna da takalma a gindin itace, a ce an sa shi cikin hidima? Wa ya taɓa tambayarsa wane wasa yake so? Ba mu da kuɗin zuwa Tanzaniya, amma ƙasarmu ba ta rasa tuddai ba, kuma ba mu rasa iyaye da tsofaffin ɗalibai da 'yan'uwa a ikilisiya da za su yi alkawarin wani abu ba. In wata rana muka shirya irin wannan hawa, sai mu kiyaye abu uku. Mu fara tambayar naƙasassun abin da suke bukata kafin mu yanke shawara. Mu tafi tare da duk wanda yake so ya je a cikinsu, bisa ga saurinsa. Mu kuma kawo lissafin kowane kwabo a gaban taron makaranta.

Sannu ba ta hana zuwa. In shekara ta kewayo muka ga yaron nan ya bar gindin itace yana cikin fili da lamba a ƙirjinsa, a ranar ne za mu ce mun hau dutse. Allah ya ba mu idon gani da zuciyar aikatawa. Amin.