Karatun Sadarwa: An Ba Ɗalibi Guga, Ina Rijiyar?

A farkon shekarar 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta sanar da rarraba digirin sadarwa gida bakwai: aikin jarida, watsa shirye-shirye, hulɗa da jama'a, tallace-tallace, fim, sadarwar raya ƙasa, da nazarin bayanai da kafofin yaɗa labarai. Hujjar ita ce fannin ya yi faɗi, ɗalibi yana taɓa komai amma bai ƙware a komai ba. An gano ciwon. Maganin ne nake da ja a kansa, kuma wannan ja ya shafi duk mahaifin da ɗansa ko 'yarsa ke shirin zaɓar fannin a takardar JAMB.

Sai a fara da yi wa digirin adalci. Tun da Jami'ar Nsukka ta soma koyar da aikin jarida a 1961, jami'o'i irin su ta Legas da ta Bayero suka biyo baya, sassan nan sun yaye mutanen da suka riƙe gidajen rediyo da jaridun ƙasar nan. Masu cewa waya ta mai da kowa ɗan jarida sun manta da abin da ake koya a aji: dokar ɓata suna, tantance majiya, kare wanda ya tsegunta labari, dabarun bincike, da yadda ake amfani da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 a tilasta wa ma'aikata ta buɗe kundinta. Wanda ke rubutu a Facebook bai san sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ba, yana iya kwana a caji ofis kafin ya fahimci abin da ya kai shi.

Sai dai duk wannan guga ne. Guga kuwa, komai ingancin igiyarsa, sai da rijiya. Wanda aka tura majalisa ranar gabatar da kasafin kuɗi yana bukatar ya bambance kuɗin gudanarwa da na manyan ayyuka, ya san ma'anar giɓi da inda ake ciwo bashin cike shi. In bai sani ba, zai karanto wa masu sauraro jimillar da kwamishina ya faɗa, ya koma ofis yana ganin ya yi aiki. Haka abin yake a kotu da asibiti da gona.

Arewa ta riga ta ɗanɗana kuɗar wannan giɓi. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano saboda zargin cewa an gurɓata maganin, ba a koma ba sai tsakiyar 2004, kuma a tsakanin cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Tsoron jama'a yana da tushe, domin ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a 1996 ba. Abin da lokacin ya fi bukata shi ne wakilai masu yawa da za su iya karanta sakamakon gwajin magani, su bayyana shi da Hausar da uwa a ƙauye za ta gane.

Nan ne giɓi na biyu yake, wato harshe. Abubakar Imam bai yi digirin jarida ba sa'ad da ya kama aikin editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Malamin makaranta ne da ya riga ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Ya zo da ilimi da alƙalami, sana'ar ya koya a bakin aiki. A yau kaso mai tsoka na guraben aikin da ke jiran ɗalibin Arewa na Hausa ne: Sashen Hausa na BBC da ya fara aiki a 1957, DW, RFI, TRT Afrika, Freedom Radio, Aminiya, Arewa24. Amma kusan dukkan karatunsa da jarabawarsa da Turanci ake yi. Sai ya fito bai iya ƙa'idar rubutun Hausa ba, yana cakuɗa wanda ake zargi da wanda ake tuhuma da wanda kotu ta samu da laifi. Tsakanin kalmomin nan uku mutuncin mutum yake rataye.

Rarraba digirin gida bakwai bai cike ko ɗaya daga cikin giɓin biyu ba. Hasali ma ya saɓa wa inda sana'ar ta dosa, domin wakili ɗaya ne yanzu yake rubuta labari, ya ɗauki bidiyo da waya, ya tace, ya wallafa. Masu goyon bayan rabon suna cewa kamfanin talla da gidan fim ƙwararru suke nema, kuma suna da gaskiya a wannan. To amma ƙwarewa a kan na'ura watanni take ci, na'urar kuma tana tsufa kafin ɗalibi ya gama bautar ƙasa. Sanin tattalin arziki ko shari'a ko tarihi shi ne ke cin shekaru, shi ne kuma ba ya tsufa da wuri. Ba banza ba makarantar aikin jarida ta Jami'ar Kolombiya da ke Amurka, wadda aka kafa a 1912 da wasiyyar Joseph Pulitzer, take karɓar waɗanda suka riga suka yi digiri a wani fanni.

Shawarata ga jami'o'i ita ce su wajabta wa kowane ɗalibin sadarwa fanni na biyu da zai bi tun daga aji biyu har ya gama, su kuma mai da rubutu da fassara cikin harshen gida darasin dole. Ga iyaye kuwa, kada a hana yaro fannin don ana cewa kwas ɗin masu sauƙi ne. A tambaye shi abu ɗaya kafin ya cike takarda: a kan me kake so jama'a su riƙa jiran bayaninka nan da shekara goma? In amsar lafiya ce ko noma ko kuɗi, to ya fara haƙa wannan rijiya tun daga aji ɗaya, ko jami'a ta sa shi ko ba ta sa shi ba.