Waiwaye: Satar Katunan Target ta 2013

A ƙarshen 2013, daidai lokacin da Amurkawa ke rububin sayayyar Kirsimeti, ɓarayin intanet suka kutsa cikin na'urorin biyan kuɗi na shagunan Target. Daga 27 ga Nuwamba zuwa 15 ga Disamba, sun kwashe bayanan katunan banki kusan miliyan 40. Ta hannun wani ƙaramin kamfani mai yi wa shagunan aikin na'urorin sanyaya wuri suka samu hanyar shiga. Masu katunan ba su yi sakacin komai ba, sayayya kawai suka je yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda asarar ta rabu gida biyu. Mai katin bashi, wanda banki ke biya masa ya mayar daga baya, wata dokar 1974 ta kare shi: abin da za a ɗora masa ba zai wuce dala 50 ba, kuma yana da kwana 60 ya kai ƙorafi a rubuce. Kuɗin banki aka taɓa, don haka banki ne ke da zafin nema. Mai katin cire kuɗi kuwa, guminsa ne ya tafi. Ko da za a mayar masa, sai ya jira bincike, ga kuɗin haya da na cefane a hannun ɓarawo.

Irin wannan kati na biyu muke riƙewa a Kano da Zariya da Sakkwato. Gaskiya ne Najeriya ta riga Amurka komawa ga kati mai cif da lambar sirri, amma ɓarawon yau ba ya bukatar katin a hannunsa. Lambobin gaba, da ranar ƙarewa, da lambobi ukun nan na baya sun kusa isarsa. Ragowar sai ya buga waya ya ce daga banki yake, wai za a rufe BVN ɗinka in ba ka karanto masa OTP ba. Banki ba ya tambayar wannan, ko kusa.

Sau da yawa ɓarawo kan fara da cire ɗan abu kaɗan don ya gwada ko katin na aiki. Wanda ya kashe alat don gudun cajin banki ba zai gani ba. In ka ga an cire kuɗin da ba ka san da su ba, ko naira ɗari ne, rufe katin nan take ta lambar USSD ta bankinka, kafin ka fara tambayar iyali wa ya taɓa. Sannan ka je reshe ka rubuta ƙorafi, ka karɓi lambar shaida. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, kana da damar kai ƙara sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya.

Abin da ke ba ni takaici shi ne kunya. Dattijo zai kwana uku yana ɓoye wa 'ya'yansa cewa an yashe masa asusu, alhali a kwanakin nan kuɗin ke tsallakawa daga wannan asusu zuwa wancan har a rasa sawunsu.